Kira Ga Hukumomin Lafiya: A Rufe Ƙofar Kisan Jinƙai, A Rage Wa Majinyata Raɗaɗi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayya,
da Masu Girma 'Yan Kwamitocin Lafiya na Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai,
da Shugabannin Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Nijeriya,
da Kwamishinonin Lafiya na Jihohi.



Tare da addu'ar Allah ya dafa muku a kan nauyin jama'a da ya ɗora muku, na rubuto wannan takarda ne saboda wasu bayin Allah da ba su da ƙafar zuwa ofisoshinku. Su ne majinyatan da aka riga aka shaida wa danginsu cewa ciwo ya fi ƙarfin magani, da kuma masu jinyarsu da ke kwana zaune a gefen shimfiɗa. Roƙona biyu ne, kuma ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Ina roƙon kada dokar ƙasar nan ta taɓa bai wa likita izinin kashe majinyaci ko miƙa masa abin da zai kashe kansa. Ina kuma roƙon hukumar da ta hana wannan ta ɗauki nauyin da hanin ya ɗora mata, wato ta tabbatar babu wanda zai cika yana kururuwa saboda rashin maganin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ranku ya daɗe, maganar kisan jinƙai ta daɗe da barin ɗakunan muhawara ta shiga kundin dokokin ƙasashe. Jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki da dokar da ta bai wa likita damar rubuta wa mai ciwon ajali maganin da zai sha ya mutu a 1997. Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya yi allurar da hannunsa a 2002. Kanada ta bi sahu a 2016, Sifaniya a 2021. A watan Yunin 2025 ƙaramar majalisar dokokin Birtaniya ta amince da ƙudirin irin wannan doka da ƙuri'a 314, masu adawa 291, aka tura shi majalisar dattawansu. A nahiyarmu ma batun ya taɓa kaiwa gaban alƙali. A 2015 wata babbar kotu a Pretoria ta amince wa wani lauya mai fama da ciwon daji, Robin Stransham-Ford, da likita ya taimaka masa ya mutu, sai dai ya rasu kafin a karanta hukuncin, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Kudu ta soke shi a 2016. Ɗalibanmu na likitanci da na lauya suna karanta waɗannan shari'o'i, likitocinmu da yawa suna aiki a waɗannan ƙasashe. Gara mu tsai da matsayinmu da hankali kwance tun kafin wata shari'a ta tilasta mana yin haka cikin gaggawa.

Adalci ne a faɗi hujjar masu goyon bayan wannan doka yadda suke faɗinta. Akasarinsu mutane ne da suka ga iyayensu ko 'ya'yansu suna shan azabar da ido ba ya iya jure kallo. Suna cewa mutum baligi mai hankali, wanda kwanakinsa suka ƙare, shi ya fi cancanta ya yanke hukunci a kan jikinsa, kuma tilasta masa ci gaba da wahala rashin tausayi ne. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji da ya kai ƙashi ba zai raina wannan magana ba. Tausayinsu na gaskiya ne. Inda muka rabu da su shi ne a kan abin da tausayin ya kamata ya haifar.

Addinan da mutanen ƙasar nan suke bi sun haɗu a kan cewa rai amana ce, ba mallakin mutum ba ne da zai sallama sa'ad da ya ga dama. Alƙur'ani mai girma ya haramta wa mutum kashe kansa a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mumini ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. Cocin Katolika ya maimaita haramcin kisan jinƙai a takardun da fadar Fafaroma ta fitar a 1995 da 2020. A watan Oktoban 2019 wakilan Musulmi da Kirista da Yahudawa sun sa hannu a kan sanarwa guda a Batikan, suka ƙi kisan jinƙai, suka yi kira da a bunƙasa kula da masu ciwon ajali. Likitoci ma a kan haka suke. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta a taron da ta yi a Tibilisi a 2019, kuma gabanin haka, a farkon 2018, likitocin Afirka sun hallara a Abuja sun tattauna wannan batu, suka ƙi shi, suka nemi gwamnatoci su ƙarfafa jinyar rage raɗaɗi.

Dokarmu ma a fili take. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare ran kowane ɗan ƙasa. Dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a Kudu ta ce a sashe na 311 wanda ya gaggauta mutuwar mara lafiya ya kashe shi, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai a sashe na 326 ga wanda ya taimaki wani ya kashe kansa. Dokar final kod ta Arewa ta ɗauki abubuwan biyu a matsayin laifi, haka ma dokokin shari'ar Musulunci na jihohin da ke aiki da su. Ƙa'idojin aikin likita na Nijeriya sun hana likita sa hannu a ciki. Ina roƙon a bar waɗannan tanade-tanade yadda suke.

Ko da an ajiye hujjar addini gefe, abin da ya faru a ƙasashen da suka buɗe wannan ƙofa ya isa darasi. Sau da yawa doka da sharuɗɗa masu tsauri take farawa, sannan a riƙa sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, har yara suka shiga ciki. Kanada da ta fara da waɗanda mutuwarsu ta kusanto, a 2021 ta faɗaɗa dokar ta haɗa da masu naƙasa da masu doguwar cuta waɗanda ajalinsu bai bayyana ba. A 2023 kaɗai mutum fiye da 15,000 suka mutu ta wannan hanya a Kanada, kusan ɗaya cikin kowane mamaci ashirin. A Holan adadin ya haura 9,000 a wannan shekarar. A 2025 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin naƙasassu ya nemi Kanada ta janye faɗaɗawar da ta yi. Rahotannin da jihar Oregon ke fitarwa duk shekara sun nuna wani abu da ya kamata ya tsayar da mu: abin da masu neman mutuwa suka fi ambata shi ne rasa ikon yi wa kansu hidima da jin mutuncinsu ya zube, kuma da yawa daga cikinsu suna faɗin tsoron zama nauyi a kan iyali. Waɗannan ƙasashe ne masu arziki da wadatattun asibitoci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ku dubi namu halin, ranku ya daɗe. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Kafin mai ciwon daji ko mai wankin ƙoda ya kai ƙarshen jinyarsa, an sayar da gona, an sayar da shanu, matar gida ta fitar da 'yan kunnenta na zinariya, an ci bashin da ba a san ranar biyansa ba. Dattijon da ke kwance yana ganin duk wannan da idonsa. Yana jin ana raɗa a tsakar gida cewa an koro jikansa daga makaranta saboda kuɗi sun tafi asibiti. Idan doka ta ajiye masa takardar da zai dangwala wa hannu a kawo ƙarshen komai, wa zai iya rantsuwa cewa da son ransa ya dangwala? Mutumin da aka rene shi a kan kunya da kara, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ɗora wa wani nauyi, zai ga mutuwar a matsayin bashin da iyalinsa suke bin sa. Zaɓi yana zama zaɓi ne in akwai hanya ta biyu. Wanda ba a ba shi maganin ciwo ba, ba a kuma ɗauke wa 'ya'yansa kuɗin jinya ba, ba a bar masa hanya ta biyu ba.

Sai kuma maganar yarda. Mu a Arewa mun san tsadar zubewar amana tsakanin jama'a da ma'aikatan lafiya. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. An ɗauki shekaru, da taimakon sarakuna da malamai, kafin iyaye su sake miƙa 'ya'yansu. Har yau akwai tsofaffin da ke ƙin kwanciya a asibiti saboda jita-jitar cewa ana yi wa wanda jikinsa ya yi tsanani allura ya tafi. Ranar da doka ta halatta irin wannan allura, babu wani wayar da kai da zai sake shawo kan waɗannan mutane.

To amma, Mai Girma Minista, wanda ya hana mai ƙishirwa shan ruwan kududdufi, wajibi ne ya nuna masa rijiya. A nan ne muke da gyara babba. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 mutum kusan 128,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu sanadiyyarsa. Mafi yawansu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Abin da dangi suka saba ji a ƙarshe shi ne, "Babu abin da za mu iya yi, ku mayar da shi gida, sai addu'a." A kai shi gida da 'yan ƙwayoyin farasitamol, a rufe ɗaki don kada yara su ji nishinsa. Daga irin wannan ɗaki ne ake jin mutum mai imani, wanda bai taɓa barin salla ba, yana cewa, "Allah ka ɗauke ni in huta." Ma'aikatan jinya da suka ƙware a wannan fanni sun san cewa sau da yawa idan aka kwantar da ciwon, majinyaci ya sami barci, ya iya shan kunu, ya gane masu zuwa dubiya, wannan magana takan bar bakinsa.

Maganin da ke kwantar da irin wannan ciwo sananne ne. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977, kuma yana cikin magunguna masu araha. Yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ɗora wa ƙasashe aiki biyu: su hana sha ba bisa ƙa'ida ba, su kuma wadatar da marasa lafiya. Duk da haka, kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa mutum fiye da miliyan 61 ne ke fama da matsananciyar wahalar rashin lafiya duk shekara, kuma rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa. Mu muna cikin wannan rabin.

Na san abin da ke sa hukumomi ɗari-ɗari. Bala'in kodin da taramadol ya cinye mana matasa da matan aure, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018, kuma yaƙin da NDLEA da NAFDAC suke yi abin a yaba ne. Sai dai tsoron ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Likita yana jin tsoron rubuta mofin, mai harhaɗa magani yana jin tsoron ajiye shi, dangi suna jin tsoron a ba majinyacinsu don kada ya saba da shi ko ya gaggauta masa tafiya. Ilimin likitanci ya tabbatar cewa idan ƙwararre ya auna shi gwargwadon ciwo, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, ciwon yake kwantarwa ba tare da yanke kwana ba. Tsohuwar da kansar mama ta cinye wa ƙirji ba ita ce mai laifin abin da ke faruwa a lungunan 'yan shaye-shaye ba, bai kamata ita ta biya tarar ba.

Yuganda ta nuna cewa wannan aiki ba sai ƙasa mai arziki ba. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kampala. Suka riƙa shigo da garin mofin suna haɗa shi da ruwa a cikin ƙasa, gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗinsa, majinyaci ya karɓa kyauta. A 2004 aka gyara doka aka bai wa nas-nas da jami'an lafiya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, domin ya kai ƙauyukan da likita ba ya zuwa. A nan gida ma an aza tubali. Asibitin koyarwa na Ibadan ya yi gaba a wannan fanni, an kafa ƙungiyar masu jinyar rage raɗaɗi ta ƙasa a 2007, Ma'aikatar Lafiya ta fitar da tsarin kula da magungunan da ake taƙaita amfani da su a 2017, da tsarin jinyar masu ciwon ajali a 2021. Takardun suna nan. Abin da ya rage shi ne majinyacin da ke kwance a Gwarzo ko Dutsin-Ma ko Biu ya ga amfaninsu.

Akwai wani giɓi kuma da ya kamata majalisa ta cike. Kashe majinyaci dabam, barin ajali ya zo bayan magani ya daina amfani dabam, kuma malamai sun daɗe da bambance su. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Amman a 1986 cewa ya halatta a cire na'urar taimakon numfashi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya, ba kuma za ta dawo ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta amince da cirewar a Makka a 1987, bisa sharaɗin ƙwararrun likitoci uku su tabbatar. Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin karɓar magani, kuma sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a sanar da majinyaci wannan haƙƙi. Amma idan majinyacin ya fita hayyacinsa fa? Wa zai yanke hukunci, matarsa ko mahaifinsa ko babban ɗansa? Yaushe likita zai dakatar da abin da ya san ba ya amfani ba tare da fargabar tuhuma ba? Rashin amsa a rubuce yana haifar da ɓarna ta fuska biyu. Wasu iyalai suna talaucewa wajen biyan kuɗin na'ura ga wanda ba zai farfaɗo ba, don tsoron a ce sun kashe nasu. Wasu kuma suna ɗauke majinyacin da zai iya warkewa saboda kuɗi sun ƙare. Wannan na biyun shi ne yanke kwanan da ke faruwa a ƙasarmu kullum, talauci ne yake yin sa, babu kotun da ke jin labarinsa.

Saboda haka nake miƙa waɗannan buƙatu cikin girmamawa.

Na farko, majalisa ta bar haramcin kisan jinƙai da na taimakon kashe kai yadda yake, kada a sassauta shi a duk wata gyaran fuska da za a yi wa dokokin laifuka.

Na biyu, Ma'aikatar Lafiya ta ware kuɗi na dindindin don sayen garin mofin da haɗa shi a cikin gida, a tabbatar yana nan a kowane asibitin koyarwa da babban asibitin jiha, a riƙa bayar da shi kyauta ga masu ciwon ajali, da rajista mai tsauri wadda NAFDAC da NDLEA za su riƙa dubawa.

Na uku, a bai wa ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, a kuma sa kula da ciwo da jinyar ƙarshen rayuwa su zama darasi na dole a makarantun likitanci, da na jinya, da na harhaɗa magunguna.

Na huɗu, hukumar inshorar lafiya da Dokar 2022 ta kafa ta sanya wannan jinya cikin abin da take biya, asusun masu rauni da asusun kiwon lafiya a matakin farko su ɗauki nauyin ziyarar majinyata a gidajensu, tunda a gida akasarin mutanenmu suke so su cika.

Na biyar, a zauna da likitoci da lauyoyi da malaman addinan biyu a rubuta ƙa'ida bayyananna kan tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, da dakatar da maganin da ba ya amfani, da wanda zai yi magana a madadin majinyaci, da yadda mutum zai bar wasiyya kan jinyarsa tun yana da lafiya. A fassara ta cikin harsunanmu, a karantar da ita a rediyo da masallatai da majami'u.

Na shida, kwamishinonin lafiya su umarci asibitoci kada a sallami mai ciwon ajali sai da maganin ciwo a hannu, da bayanin yadda za a ba shi, da lambar ma'aikacin da dangi za su kira idan jiki ya tsananta.

Ranku ya daɗe, babu ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu da ya kai gina sabon asibiti tsada. Likita ba shi da ikon hana ajali, amma yana da ikon kwantar da ciwo har mutum ya iya yin wasiyya, ya nemi gafarar iyalinsa, ya ambaci Ubangijinsa da hankalinsa a jikinsa. Wannan haƙƙi ne na talaka kamar yadda yake na mai kuɗi, kuma ikon isar da shi yana hannunku. Ina roƙonku da ku sanya shi cikin kasafin kuɗi mai zuwa, ku kuma bi sawun aiwatar da shi har ya kai ƙauye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya yi muku jagora.